William Hinton: Ɗan 'yantattun bayi da ya gyara gwajin tunjere a Amurka

A Amurka ta shekarun 1930, takarda guda daga ɗakin gwajin jini tana iya rushe aure tun kafin a ɗaura shi. Jihar Connecticut ce ta fara wajabta wa ango da amarya gwajin cutar tunjere a 1935, sauran jihohi kuma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda takardarsa ta nuna yana ɗauke da cutar ya shiga uku. Ga abin kunya a idon dangi, ga zargi tsakanin masoya, ga kuma maganin wancan zamani, wato allurai masu ɗauke da gubar arsenik da ake shafe kimanin wata 18 ana yi wa mutum mako-mako. Abin takaicin shi ne, gwajin da duniya ta dogara da shi tun farkon ƙarnin yakan yi kuskure, ya ɗora wa mai lafiya cutar da bai taɓa ɗauka ba.

Cikin waɗanda suka rage wannan ɓarna akwai Dakta William Augustus Hinton, likita baƙar fata wanda iyayensa biyu aka haife su cikin bauta. Ya ƙirƙiro gwajin da aka sa wa sunansa, ya shugabanci ɗakin gwajin tunjere na jihar Massachusetts shekara 38, ya kuma zama baƙar fata na farko da ya kai matsayin farfesa a Jami'ar Harvard. Ya ƙarar da rayuwarsa yana ƙoƙarin kada a yanke wa mutum hukunci da shaidar ƙarya, alhali shi kansa ƙasarsa ta daɗe da yanke masa hukunci da launin fatarsa.

Asali da tasowa

An haifi Hinton ranar 15 ga Disamba, 1883, a birnin Chicago, shekara 18 kacal bayan da kundin tsarin mulkin Amurka ya haramta bauta. Sunan mahaifinsa Augustus Hinton, mahaifiyarsa kuma Maria Clark. Iyalin sun koma jihar Kansas, a can ya tashi, mahaifin yana noma yana kuma aikin hidima a jirgin ƙasa. Yana ɗan shekara 12 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin nan na 1896 da ya halatta raba farare da baƙaƙe a wuraren jama'a, hukuncin da ya yi wa wariyar launin fata gindin zama na fiye da rabin ƙarni.

Ya fara karatu a Jami'ar Kansas, daga baya ya koma Harvard, inda ya kammala digirin farko a 1905. Burinsa likitanci ne, amma aljihu bai ba shi dama ba. Sai ya kama aikin koyarwa a makarantun baƙar fata, a Nashville ta jihar Tennessee da kuma Langston ta Oklahoma, yana tara kuɗi, lokacin hutu kuma yana ƙaro ilimi a Jami'ar Chicago. A Langston ya haɗu da Ada Hawes, wadda ita ma malama ce, suka yi aure a 1909. A wannan shekarar ce ya shiga makarantar likitanci ta Harvard.

A nan halinsa ya fara bayyana. An yi masa tayin tallafin karatu da aka keɓe wa ɗalibai baƙar fata, ya ƙi karɓa, ya zaɓi ya shiga gasar da kowane ɗalibi ke shiga. Ya kuwa lashe tallafin Wigglesworth. Ya gama karatun cikin shekara uku maimakon huɗu, ya fita a 1912 da sakamako mai daraja.

Ƙofar da aka rufe

Hinton ya so ya zama likitan tiyata. Hanyar kuwa ɗaya ce: sabon likita ya samu gurbin horo a asibiti, ya yi aiki a ƙarƙashin manya. Asibitocin Boston ba su ba shi gurbi ba, dalilin kuma bai wuce launin fatarsa ba. A tunanin lokacin, ba a yarda baƙar fata ya sa hannu a jikin farar fata ba, komai iliminsa.

Da aka hana shi ɗakin majinyata, sai ya gangara ɗakin gwaje-gwaje, inda kwalba ba ta tambayar launin hannun da ya riƙe ta. Ya yi aikin sa kai a sashen binciken cututtuka na Babban Asibitin Massachusetts, yana binciken gawarwakin waɗanda ake zaton tunjere ce ta kashe su. Wannan aiki ya ba shi abin da likitoci da yawa ba su da shi. Yana ganin abin da takardar gwajin jini ta ce tun mutum yana raye, sannan ya ga da idonsa abin da cutar ta yi ko ba ta yi ba a cikin jiki. Gani ya kori ji. Malamansa, musamman Elmer Southard, masanin cututtukan ƙwaƙwalwa, sun lura da ƙwarewarsa, kuma ba a daɗe ba Farfesa Milton Rosenau ya nemi ya rubuta babin tunjere a cikin shahararren littafinsa na rigakafin cututtuka.

A 1915 aka mayar da ɗakin gwajin tunjere na Harvard ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta jihar Massachusetts, aka naɗa Hinton shugabansa. Yana da shekara 31. Ya riƙe wannan muƙami har 1953. A lokaci guda ya shugabanci ɗakin gwaji na Boston Dispensary, asibitin da talakawan birnin ke zuwa.

Cuta mai ɓad da kama

Don a fahimci nauyin da ya ɗauka, sai an san halin cutar. Tunjere tana yaɗuwa ta hanyar saduwa, uwa kuma tana iya ba ɗan da ke cikinta. Kimanin mako uku bayan kamuwa, wani gyambo marar zafi yakan fito inda ƙwayar cutar ta shiga, ya warke da kansa. Bayan makonni ko watanni sai ƙuraje su feso, har a tafin hannu da tafin ƙafa, su ma su baje ba tare da magani ba. Daga nan cutar ta kwanta lamo, shekara goma, ashirin ko fiye, mutum yana harkokinsa yana zaton lafiyarsa ƙalau. A jikin wasu takan farka daga baya, ta lalata babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, ko ƙwaƙwalwa, ko lakar baya. Takan kawo makanta da shanyewar jiki da taɓin hankali. A farkon ƙarni na 20, wani kaso mai yawa na majinyatan gidajen masu taɓin hankali a Turai da Amurka tunjere ce ta kai su can. A wajen mai juna biyu kuwa, takan jawo ɓari, ko haihuwar gawa, ko jariri mai naƙasa.

A 1905 wasu masana biyu a Berlin, Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann, suka gano ƙwayar da ke haddasa ta, wata siririyar halitta mai kama da murɗaɗɗen zare, wadda aka sa wa suna Treponema pallidum. Ana iya ganinta da madubin likita na musamman idan an ɗebo ruwan gyambo. Amma gyambon ba ya daɗewa, kuma ƙwayar ba ta yarda a raine ta a kwanon gwaji kamar sauran ƙwayoyin cuta ba. A tsawon shekarun da cutar ke kwance, jini kaɗai ne shaida.

Gwajin Wassermann da rauninsa

Shekara guda bayan gano ƙwayar, a 1906, August von Wassermann tare da Albert Neisser da Carl Bruck suka fitar da gwajin jini na farko a Jamus. Babban ci gaba ne, sai dai aiki ne mai wuyar sha'ani. Ana dumama ruwan jinin majinyaci, a haɗa shi da wani sinadari da aka tatso daga nama, a zuba wani ɓangare na jinin ɓeran Masar wanda aikinsa taimaka wa garkuwar jiki wajen fasa ƙwayoyi. Daga baya a ƙara jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya da ruwan jinin zomon da aka shirya don ya yaƙe su. Idan majinyacin yana da sinadaran garkuwar da ake nema, sukan cinye mataimakin nan tun a zagayen farko, don haka ƙwayoyin jinin tunkiyar su tsira, kwalbar ta zauna a gurɓace. Idan ba shi da su, ƙwayoyin su fashe, ruwan ya zama ja garau.

Abubuwa biyar ke nan, uku daga jikin dabbobi masu rai, kowanne kuma ƙarfinsa yana canzawa daga rana zuwa rana. Ƙaramin sakaci wajen awo ya isa ya juya sakamako. Ɗakunan gwaji biyu sukan karɓi jinin mutum ɗaya su ba da amsa biyu.

Akwai kuma rauni mafi zurfi. Wassermann ya yi amfani da hantar jariran da tunjere ta kashe, yana zaton gwajinsa yana kama garkuwar da jiki ya yi wa ƙwayar cutar ita kanta. Ba a jima ba aka gano cewa abin da aka tatso daga zuciyar lafiyayyen sa ma yana yin aikin. Ashe abin da gwajin ke ganowa martani ne da jiki ke yi ga wani nau'in maiƙo da ke fita idan ƙwayoyin jiki sun lalace. Tunjere tana jawo wannan martani, amma ba ita kaɗai ba. Zazzaɓin cizon sauro yana jawo shi, haka kuturta, haka wasu cututtukan da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya, wani lokaci ma juna biyu kawai.

Sakamakon kuskure a wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne. Maganin da Paul Ehrlich da Sahachiro Hata suka samar a 1910, Salvarsan, daga arsenik aka yi shi, ana kuma haɗa shi da zaiba ko bismut. Yana iya taɓa hanta da ƙoda da fata, yana iya kisa. Wanda aka yi wa ƙaryar cuta ya sha guba a banza, ya kuma ɗauki tabon da ba ya gogewa. Wanda gwajin ya wanke alhali yana da ita ya koma gida ya ba matarsa da 'ya'yansa.

Gwajin Hinton

Masana da dama sun nemi hanya mafi sauƙi. Reuben Kahn na jihar Michigan ya fitar da tasa a farkon shekarun 1920. Hinton ya buga tasa a 1927 a mujallar likitoci ta Boston. Ya yar da jinin tunkiya da na zomo da na ɓeran Masar gaba ɗaya. Ya ɗauki abin da aka tatso daga zuciyar sa, ya ƙarfafa shi da kolestarol, ya haɗa da ruwan gishiri da gilisarin. Ana zuba ruwan jinin majinyaci a ciki, a ajiye a ɗumin da ya yi daidai da na jikin mutum har tsawon dare. Idan akwai sinadaran garkuwar da ake nema, sai su dunƙule su zama fararen ɓarɓashi da ido ke gani, su taru a saman ruwan, ƙasan kuma ya washe.

Gwajin ya fi na Wassermann arha da sauƙin maimaitawa, ya fi shi saurin kama cutar, ya kuma rage yawan waɗanda ake ɗora wa ita bisa kuskure. Hinton bai tsaya nan ba. Ya ci gaba da gyara shi, kuma tare da abokin aikinsa John Davies suka samar da wani nau'in da ake yi da ruwan lakar baya, domin gano ko cutar ta kai ga ƙwaƙwalwa. A tsakiyar shekarun 1930 Hukumar Lafiyar Jama'a ta Amurka ta gwada hanyoyin da ake da su, ta aika wa masu su jini iri ɗaya ba tare da sun san na wane ne ba, gwajin Hinton kuma ya fito cikin sahun gaba, musamman wajen gano cutar da wuri.

Gwajin nasa bai kawar da kuskure baki ɗaya ba, domin shi ma martanin nan ga maiƙo yake aunawa. Wannan ya sa ya ba da ƙarfi ga abin da ba ya jawo suna: horar da ma'aikata, daidaita awo, da sa ido a kan ɗakunan gwaji. Lokacin da dokokin gwajin kafin aure da na masu juna biyu suka ninka yawan jinin da ake kawowa, ɗakunan gwajin da jihar ta amince da su sun ƙaru har suka haura ɗari, kuma ofishinsa ne ke tantance ingancinsu. Ya san cewa kyakkyawan gwaji a hannun wanda bai ƙware ba daidai yake da mummuna.

Littafinsa da abin da ke faruwa a Alabama

A 1936 ya wallafa littafi a kan tunjere da maganinta, wanda ake ɗauka a matsayin littafin koyar da likitanci na farko da baƙar fata ɗan Amurka ya buga. Ya zuba gogewar shekara ashirin a ciki, ta ɗakin gwaji da ta asibitin talakawa. Da farko ya gamu da suka, daga baya ya samu karɓuwa a Amurka da Turai.

Muhimmin abu a littafin shi ne yadda ya kalli yaɗuwar cutar. A lokacin, likitoci farare da yawa sun yi imani cewa tunjere ta fi yawa a cikin baƙar fata saboda halittarsu ko ɗabi'arsu, har ma cutar tana tafiya daban a jikinsu. Hinton ya danganta yawanta da talauci da rashin ilimi da rashin samun likita. A ganinsa cuta ce ta waɗanda aka bari a baya, ko wane launi gare su.

Yayin da yake rubuta wannan a Boston, hukumar da ta yaba gwajinsa tana gudanar da wani abu dabam a gundumar Macon ta jihar Alabama. Tun 1932 ta tattara maza baƙar fata 600, galibinsu matalautan manoma, 399 masu ɗauke da tunjere, 201 marasa ita. An yi musu gwajin jini, an san abin da ke jikinsu, amma ba a faɗa musu sunan cutar ba, an dai ce musu jininsu ne ya ɓaci. Manufar ita ce a zuba ido a ga yadda cutar za ta ci jikin baƙar fata idan ba a yi magani ba. A 1943 Dakta John Mahoney ya nuna cewa fenisilin yana warkar da tunjere, kafin ƙarshen shekarun 1940 kuma ya zama maganin da kowa ke amfani da shi. Mutanen nan an hana su. Binciken Tuskegee, kamar yadda aka san shi, ya ci gaba har 1972, lokacin da wani tsohon ma'aikacin hukumar, Peter Buxtun, ya tona asiri, 'yar jarida Jean Heller ta kamfanin dillancin labarai na AP ta buga labarin. Sai a 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara da sunan gwamnati.

Fasaha ɗaya ce a Boston da Alabama: allura, kwalba, ruwan jini. A wuri ɗaya ta zama hanyar kai mutum ga magani, a ɗayan ta zama hanyar zaɓo wanda za a bari ya mutu a hankali. Abin da ya raba su shi ne wanda ke riƙe da sakamakon da kuma darajar da ya ba mai jinin.

Lambar yabon da ya ƙi

A 1938 ƙungiyar NAACP, babbar ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata a Amurka, ta zaɓe shi don ba shi lambar Spingarn, wadda take bai wa baƙar fatan da ya yi fice a kowace shekara. Hinton ya ƙi karɓa. Da yawa daga cikin likitocin da ke amfani da gwajinsa ba su san launinsa ba, suna ne kawai suke gani a takarda. Ya ji tsoron idan labari ya bazu, wasu za su juya wa aikin baya, majinyata kuma su ne za su kwana ciki. Ya kuma so a auna aikinsa da ma'aunin da ake auna na kowa.

Wannan mataki yana da fuska biyu, kuma ya cancanci a dube su duka. Ta ɗaya, ya kare aikin. Ta ɗayar kuma, ya hana dubban yara baƙar fata ganin wani nasu a wurin da ake ce musu ba za su iya kaiwa ba, a daidai lokacin da wasu ke fitowa fili suna fafutuka. Ana iya cewa ya zaɓi lallaɓawa inda ya kamata a yi fito-na-fito. Amma laifin farko na tsarin ne da ya tilasta wa mutum zaɓi tsakanin fuskarsa da amfanin iliminsa.

Haƙurin nasa bai sa an gaggauta ba shi haƙƙinsa ba. Ya fara koyarwa a Harvard a 1918, ya shafe kimanin shekara talatin a ƙananan muƙamai, ɗaliban da ya koyar suna wuce shi. Sai a 1949, saura shekara ɗaya ya yi ritaya, aka ɗaga shi zuwa farfesa a fannin ƙwayoyin cuta da garkuwar jiki. Jami'ar tana da shekara 313 da kafuwa a lokacin, shi ne kuma baƙar fata na farko da ta ba wannan matsayi.

Ƙofar da ya buɗe wa mata

Wanda aka rufe wa ƙofa ya san zafinta. A Boston Dispensary, Hinton ya kafa shirin horar da mata aikin ɗakin gwaji, a zamanin da ba a cika ɗaukarsu a wannan fanni ba. Waɗanda suka fita daga hannunsa sun samu aiki a asibitoci da dama a faɗin ƙasar. Ya kuma koyar a kwalejin mata ta Simmons da Jami'ar Tufts.

A gidansa ma an ga tasirin haka. 'Ya'yansa biyu ne, Anne da Jane. Jane Hinton ta yi aiki da John Howard Mueller a Harvard, inda a 1941 suka samar da abincin rainon ƙwayoyin cuta da ake kira Mueller-Hinton. Har yau da shi ake gwada ko maganin kashe ƙwayoyin cuta zai yi aiki a kan wata ƙwaya, a ɗakunan gwaji na duniya, har da na asibitocinmu. A 1949 ta zama ɗaya daga cikin mata baƙar fata biyu na farko da suka kammala karatun likitan dabbobi a Amurka.

Ƙarshen rayuwa

A 1940 Hinton ya yi haɗarin mota da ya yi sanadin yanke masa ƙafa. Ya rayu da ciwon har ƙarshen ransa, amma bai bar aiki ba. Ya bar Harvard a 1950, ya bar ɗakin gwajin jihar a 1953, ya ci gaba da duba yara masu naƙasa a wani asibiti a garin Canton, inda gidansa yake. Ciwon sukari ya ci ƙarfinsa, ya rasu ranar 8 ga Agusta, 1959, yana da shekara 75.

Ya bar wa Harvard abin da ya tara, dala 75,000, don tallafa wa ɗalibai, domin tunawa da iyayensa. Bai sa wa asusun sunansa ba. Ya sa masa sunan Shugaba Dwight Eisenhower, wanda yake ganin ya taka rawa wajen buɗe wa baƙar fata ƙofofin aiki.

Gadon da ya bari a ɗakin gwaji

Gwajin Hinton ya yi zamaninsa ya wuce. A farkon shekarun 1940 Mary Pangborn ta ware ainihin maiƙon da ke zuciyar sa, aka kira shi kadiyolifin, wanda ya ba da damar samar da gwajin VDRL a 1946 da na RPR a 1957. Waɗannan 'yan gida ɗaya ne da na Hinton, dunƙulewar ɓarɓashi suke nunawa. A 1949 kuma Robert Nelson da Manfred Mayer suka fitar da gwaji na farko da ke neman garkuwar da jiki ya yi wa ƙwayar tunjere ita kanta, daga nan aka samu irin su TPHA da gwajin gaggawa na ɗigon jinin yatsa.

Yau ana aiki da rukunin biyu tare, domin kowanne yana da gurgun gefe. VDRL da RPR suna nuna ƙarfin cutar, adadinsu kuma yana sauka bayan magani, misali daga 1:32 zuwa 1:8, ta haka likita ke sanin maganin ya ci. Sai dai har yanzu zazzaɓin cizon sauro ko juna biyu na iya ruɗa su. Rukuni na biyu ya fi tabbas a kan cewa ƙwayar ta taɓa shiga jiki, amma galibi yakan ci gaba da nuna alama har abada ko da an warke, don haka ba ya bambanta tsohuwar cuta da sabuwa. A makonnin farko bayan kamuwa kuwa, duka biyun na iya cewa babu komai. Ƙa'idar ita ce a tabbatar da sakamakon wani rukuni da ɗayan, a haɗa da tarihin majinyaci. Inda babu halin gwaji na biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa mai juna biyu allurar fenisilin nan take idan gwajin gaggawa ya nuna alama, domin haɗarin jinkiri ga jariri ya fi na allurar nesa ba kusa ba.

Cutar ba ta tafi ba. Hukumar ta ƙiyasta cewa manya miliyan 8 ne suka kamu da ita a 2022, tare da jarirai kimanin 700,000 da suka ɗauka daga uwa. Tun 2019 take ba da shawarar amfani da gwaji guda mai gano cutar ƙanjamau da tunjere a lokaci ɗaya a wajen awon ciki.

Tambayoyin zamanin Hinton ma ba su tsufa ba. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jinin da ke nuna haɗarin sikila. Amurka ta bi irin wannan hanya game da tunjere, daga baya jihohinta suka soke dokokin gwajin kafin aure saboda kuɗin da ake kashewa ya fi waɗanda ake ganowa yawa, suka riƙe na masu juna biyu. Duk inda doka ta rataya aure ko mutunci a kan takardar gwaji, wajibi ne a tambayi wanda ke tantance ɗakin gwajin, ko ana tabbatar da sakamako da gwaji na biyu, wa ke riƙe sirrin, kuma ko akwai magani ga wanda aka samu da cuta.

Amurka ta tuna da Hinton a makare. An sa wa babban ɗakin gwajin jihar Massachusetts sunansa. A 2020 makarantar likitanci ta Harvard ta cire sunan Oliver Wendell Holmes daga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ɗalibanta ta sa nasa. Holmes shi ne shugaban makarantar a 1850, lokacin da aka sallami ɗalibai baƙar fata uku na farko saboda ƙorafin farare, cikinsu har da Martin Delany, wanda daga baya ya ziyarci Abeokuta.

Ginin da ke ɗauke da sunansa ya sake shiga labarai ta wata fuska. A 2012 aka gano cewa wata ma'aikaciya a sashen gwajin miyagun ƙwayoyi da ke cikinsa ta shafe shekaru tana rubuta sakamakon abin da ba ta gwada ba, kotuna kuma suna ɗaure mutane da shi. A 2017 kotun ƙolin jihar ta soke hukunce-hukunce sama da 21,000.